Babba Juji Ne: Shugaba Mai Hidima da Ilimi Mai Gyara Gari

Abin karantawa: Markus 10:35-45, Yahaya 13:1-17, Nehemiya 5:14-19.

 Wannan darasi naka ne, ko kai mai gari ne, ko mai unguwa, ko malamin makaranta, ko dattijon ikilisiya, ko shugaban ƙungiyar manoman albasa. Naki ne ke ma, 'yar'uwa, ko ke shugabar zumuntar mata ce, ko uwa mai renon 'ya'ya. Kada ka ce kai ba kowa ba ne. In akwai ko da mutum ɗaya wanda yake jiran maganarka kafin ya yi wani abu, to, kai shugaba ne, Allah kuwa zai tambaye ka a kansa.

Ga tambayar da za mu bi cikin darasin nan. Mutanen da suke hannunka, tun ran da aka danƙa maka su, sun ƙaru ne ko sun ragu? Za mu nemi amsa cikin Littafi Mai Tsarki, sa'an nan mu duba abin da ya faru a ƙasarmu, a Ƙonni, da Galmi, da Illela.

1. SHUGABANCI IRI BIYU

Wata rana Yesu da almajiransa suna kan hanyar Urushalima. Bai daɗe da gaya musu za a kama shi a kashe shi a can ba, sai Yakubu da Yahaya, 'ya'yan Zabadi, suka matso da wata bukata. Suna so ya ba su mazauni biyu mafi daraja cikin mulkinsa. Da sauran goman suka ji, sai ransu ya ɓaci. Yesu ya tara su duka, ya nuna musu hanya biyu. Ta fari ita ce ta masu mulkin duniya, waɗanda suke danne na ƙasa da su don a san su ne manya. Ta biyu ita ce tasa. A wurinsa ana auna girman mutum da yawan ɗawainiyar da yake yi wa waɗansu. Ya kuma ba da misali da kansa, gama shi da ya cancanci kowa ya yi masa bauta, shi ne ya zo yin bauta, har ya ba da ransa don ya fanshi mutane.

Ka buɗe 1 Sarakuna sura 12, ka ga ƙarshen hanya ta fari. Da Sulemanu ya rasu, sai jama'a suka zo wurin ɗansa Rehobowam, suka roƙe shi ya sassauta musu aikin tilas. Dattawan fada suka ba shi shawara ya zama mai yi wa jama'a hidima, ya amsa musu da taushi, su kuwa za su bi shi muddin ransu. Samarin da suka tashi tare da shi suka ce ya ƙara musu nauyi. Ya bi ta samari. A ranar nan kabila goma suka rabu da gidan Dawuda, mulkin bai sāke haɗuwa ba.

Mutanen Ƙonni ba su bukatar a yi musu dogon bayani a kan mulkin danniya. A shekara ta 1899 wata rundunar Faransa ta ratso ƙasar Hausa za ta tafkin Cadi, a ƙarƙashin hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine. Duk inda suka bi sai ƙone gari, da kwashe hatsi, da kama mutane su yi musu dako. A watan Mayu suka fāɗa wa Birnin Ƙonni, suka kashe mutane masu yawa ƙwarai, har yau ba a manta ba. To, ina suka ƙare? Da labarin ɓarnarsu ya kai Faransa, aka aiko Kanar Klobb ya tsai da su. Voulet ya sa aka harbe shi ran 14 ga Yuli. Kwana kaɗan bayan haka sojojinsu na kansu suka juya musu, suka kashe su duka biyu. Kaburburansu suna can Maijirgi, wajen Tasawa. Ka lura da wannan. Shugaban da ya kafa mulkinsa a kan tsoro, ran da tsoron ya ƙare, ba shi da sauran abin riƙewa.

2. MALAMIN DA YA WANKE ƘAFA

Yanzu ka duba Yahaya sura 13. A ƙasar Yahudiya, kamar tamu, hanya ƙura ce, takalmi kuwa buɗaɗɗe. In baƙo ya shiga gida, aikin bara ne mafi ƙanƙanta ya wanke masa ƙafa. A daren jibin ƙarshe ba wanda ya tashi yin aikin nan cikin sha biyun. Sai Yesu da kansa ya tashi, ya tuɓe mayafi, ya yi ɗamara, ya ɗebi ruwa, ya bi su ɗaya ɗaya. Bitrus ya ji kunya har ya so ya hana shi.

Akwai abu uku da ya kamata ka riƙe a nan.

Na fari, Yesu bai yi haka don ya manta ko shi wane ne ba. Yahaya ya nuna mana ya san daga inda ya fito, ya san inda za shi, ya san an sa kome a hannunsa. Wanda ya san girmansa daga Allah yake, durƙuso ba ya rage shi. Mai tsoron raini shi ne yake maƙale wa kujera.

Na biyu, har da ƙafar Yahuza ya wanke, ko da yake ya san abin da yake zuciyarsa. Ashe, hidima ba ta masu goyon bayanka kaɗai ba ce.

Na uku, da ya gama bai yi shiru ba. Ya zauna, ya bayyana musu ma'anar abin da ya yi, ya umarce su su riƙa yi wa juna haka. Wato ya haɗa hidima da koyarwa. Da hidima kaɗai ya yi, da ƙafafun mutum goma sha biyu ne suka tsabtata a dare ɗaya, shi ke nan. Amma da yake ya koyar, aikin ya ci gaba bayan tafiyarsa.

Masanan duniya ma sun zo sun tarad da wannan gaskiya. A 1970 wani Ba'amurke mai suna Robert Greenleaf, wanda ya yi shekaru masu yawa yana aiki a wani babban kamfanin tarho, ya rubuta cewa shugaban kirki da hidima yake farawa. Ma'aunin da ya bayar shi ne a duba waɗanda ake shugabanta, a ga ko sun ƙara lafiya, da wayo, da iya tsayawa da ƙafarsu, har su ma su so yi wa waɗansu hidima. Yau ana koyar da wannan a manyan makarantu. Amma Ubangijinmu ya riga ya nuna shi da ruwa da kwano tun shekara kusan 2,000 da suka wuce.

3. ABIN DA GALMI TA KOYA MANA

In ka bar Ƙonni ka nufi gabas a kan babbar hanya, ka wuce mararrabar Malbaza inda ake yin siminti tun shekarun 1960, kafin ka kai Madawa za ka iso Galmi. Duniya ta san garin nan da abu biyu, albasa da asibiti.

Mishan ɗin da ake kira SIM ta soma ne a 1893, sa'ad da samari uku suka sauka a Ikko da niyyar kai bishara ƙasar Sudan. Biyu daga cikinsu, Walter Gowans da Thomas Kent, suka mutu a 1894, sai Rowland Bingham kaɗai ya ragu. A 1924 aikin ya iso Damagaram. A 1950 kuwa Likita Burt Long da matarsa Ruth suka buɗe asibiti a Galmi, tun tana ƙaramin ƙauye. Daga lokacin nan marasa lafiya suka yi ta zuwa daga Adar, da Gobir, da Arewa, da ƙetaren iyaka wajen Sakkwato. Yawancinsu Musulmi ne, ba a kuwa tambayar addinin mutum kafin a duba shi.

Ba mu faɗi wannan don yabon Turawa ba, gama su ma 'yan adam ne masu kuskure. Ga dalilin da ya sa muka faɗa. Likita ɗaya, kome ƙwazonsa, hannu biyu gare shi, kuma wata rana zai tsufa ya koma gida. Abin da ya sa asibitin ya wuce shekara 70 shi ne, an koya wa 'yan ƙasa aikin: yin allura, da ɗaurin miki, da gwajin jini, da karɓar haihuwa, da lissafin magani. Cikin shekarun 2010 har aka soma horad da likitocin fiɗa 'yan Afirka a nan Galmi. Wanda ya warkar da mutum ɗaya ya yi abin kirki. Wanda ya koya wa wani warkarwa ya taimaki mutanen da shi kansa ba zai taɓa gani ba.

Abin da Bulus ya gaya wa Timoti ke nan cikin 2 Timoti 2:2. Ka ƙidaya, za ka sami hawa huɗu cikin ayar nan: Bulus, da Timoti, da amintattun da Timoti zai koya wa, da waɗanda su kuma za su koya wa. Aikinka fa, hawa nawa gare shi? In ka kwanta ciwo yau, akwai wanda zai iya riƙe shi gobe?

4. RAMIN TASSA A ƘASAR ILLELA

Kada ka zaci ilimi sai na cikin aji. Ga wani misali daga Illela ta Nijar, wadda take tsakanin Ƙonni da Tawa, ba ta Nijeriya ba.

Dattawanmu suna tune da farin 1973 da 1974, da kuma yunwar 1984, wadda aka sa wa suna El Buhari domin a shekarar ce Nijeriya ta rufe iyaka. Bayan shekarun nan gonaki da yawa a kan duwatsun Adar suka zama faƙo. Ƙasa ta ƙeƙashe, in ruwa ya sauko sai ya zarce ya tafi kwari, ko ciyawa ba ta fitowa. Magidanta suka yi ta tafiya cirani, waɗansu ba su komo ba.

A 1988 aka buɗe wani aikin gyaran ƙasa a Illela da taimakon asusun raya noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda muka sani da sunan FIDA. A 1989 masu aikin suka yi wata dabara. Maimakon su zauna a ofis su ba da umarni, sai suka ɗauki manoma 13 suka kai su yankin Yatenga a Burkina Faso, su gani da idonsu. A can waɗansu manoma, cikinsu har da Yakuba Sawadogo na ƙauyen Gurga kusa da Wahiguya, sun ɗauki wata tsohuwar dabara ta kakanni sun gyara ta. Su suna ce mata zai, mu muna ce mata tassa.

Ga yadda ake yi. Da rani, kafin ruwa ya sauka, sai ka haƙa ramuka a faƙo, fāɗin kowanne kamar santimita 20 zuwa 30, zurfinsa kamar 15 zuwa 20, tsakaninsu kamar taki ɗaya. Ƙasar da ka fitar sai ka tara ta a gefen gangare don ta tare ruwa. Ka zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami. Gara za ta zo cin takin, ta huda ƙasa, ta buɗe wa ruwa hanya. Iska kuma za ta kawo ganye da rairayi ta zuba ciki. In ruwa ya sauko, sai ya taru a ramin ya nutse. Nan za ka shuka hatsi ko dawa. Ko an yi kwanaki ba ruwa, shukar tana da laima da abinci a gindinta.

Da manoman nan suka komo, sai waɗansu suka gwada a fili kamar hekta 4. Maƙwabta suka zo suka duba. A 1990 aka yi tassa a hekta wajen 70. Shekarar ta zo da ƙarancin ruwa, gonaki da yawa suka ƙone, amma masu tassa suka sami abin kai wa rumbu. Gani ya kori ji. Daga nan abin ya bazu daga gona zuwa gona, daga gari zuwa gari, har wuraren da ma'aikatan ba su taɓa zuwa ba. Kafin ƙarshen shekarun 1990 an raya hekta dubbai. Awon da aka yi daga 1991 zuwa 1996 ya nuna hekta mai tassa da taki tana ba da kilo wajen 500, wadda ba a gyara ba kuwa kilo wajen 125. Faƙon da dā ko kyauta ba mai so, sai ga shi ana saye da sayarwa. Samari suka sami sana'ar haƙar tassa ana biyansu.

Ka tsaya ka yi tunani. Manoman nan 13, da sun ga dama, da sun ɓoye abin da suka gano. Kowa ya cika rumbunsa, ya jira maƙwabta su zo sayen hatsi a hannunsa da bazara. Amma gonarsu ta zama makaranta, duk mai wucewa ɗalibi ne. Shi ma Yakuba Sawadogo yakan tara manoma a garinsu ya nuna musu aikin, su yi musayar iri. A Maraɗi kuma, tun daga 1983, Tony Rinaudo, wani ma'aikacin SIM daga Ostareliya, ya yi ta nuna wa manoma su bar tohon kututture a gona, su sassabe shi su bar reshe kaɗan ya girma ya zama itace. Manoma suka koya wa juna, har aka kiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a hekta miliyan 5 na ƙasar Nijar. A 2018 aka ba mutanen nan biyu, Musulmi da Kirista, lambar girma iri ɗaya a ƙasar Suwidin. Yakuba ya rasu a 2023, amma ramukansa suna nan suna ciyad da mutane.

Hausawa sun ce babba juji ne, kowa ya kwaso shara a kansa zai zuba. Gaskiya ne, shugaba yakan sha zargi da kuka da roƙo. Amma kai manomi ka sani, takin juji shi ne wanda ya fi kyau a ramin tassa. Jujin da ya yarda a kwashe shi a kai gona, shi ne yake cika rumbu.

5. YARA, MUSAMMAN 'YA MACE

Sa'ad da Nijar ta sami mulkin kai a 1960, yaran da suke lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba. An yi tafiya tun daga nan. An yi yaƙi da jahilci na manya da harshen Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda yaro yake fara karatu da harshen da ya tsotsa. A 2010 Tawa ta sami jami'a. Duk da haka da sauran aiki, ya fi yawa kuwa a wajen 'ya'ya mata. Binciken da aka yi a 2012 ya nuna mata 3 cikin 4 a ƙasarmu an aurad da su kafin su cika shekara 18. Likitocin karɓar haihuwa sun san abin da yakan biyo bayan cikin fari a jikin da bai nuna ba: doguwar naƙuda, da yoyon fitsari, wani lokaci har mutuwa. A 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kāre karatun 'ya mace. Amma doka a Yamai take, yarinya kuwa a gidanka take. Kai ne mai yanke shawara.

Wani zai ce karatun mata baƙon abu ne da Nasara ya kawo. Ba haka ba ne. A Maratta, nan kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Ya tsauta wa malaman zamaninsa waɗanda suke koyar da almajirai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun kai. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa, ta koya mata karatu cikin waƙa. Jaji ta koma garinsu ta koya wa waɗansu. Maƙwabtanmu Musulmi suna da wannan gādo, ya kuwa cancanci girmamawa.

Mu masu bi kuma ba mu da hujja ko kaɗan. Timoti daga wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya fara sanin bangaskiya, kamar yadda 2 Timoti 1:5 ta nuna. Cikin Ayyukan Manzanni 18:26 mun ga Bilkisu tare da mijinta Akila sun ja Afolos gefe sun ƙara masa sani, shi da yake gwanin wa'azi. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa. In uwa ba ta iya karatu ba, yaya za ta buɗe shi ga 'ya'yanta? Yaya za ta karanta rubutun da yake jikin kwalbar magani, ta san cokali nawa za ta ba jariri?

Wani uba kuma zai ce, "Na sa ɗana lakwal shekara goma, bai sami aikin gwamnati ba, kuma ya raina hauya." Wannan kuka ne na gaske, ba mu raina shi ba. Amma ka duba inda laifin yake. An koya wa yaron cewa amfanin karatu shi ne ya tsere wa ƙauye ya hau kujera. Ba a koya masa cewa karatu kayan aiki ne na yi wa gari hidima ba. Manomin albasa wanda ya iya lissafi ya san kuɗin iri, da na taki, da na man injin ban ruwa, ya san ko ya ci riba ko ya fāɗi. Ya iya karanta saƙon farashi a wayarsa kafin dillali ya zo. Kada ka cire yaro daga makaranta. Ka sa alƙalami a hannu ɗaya, hauya a ɗaya, ka nuna masa dukansu biyu na Allah ne.

6. GARGAƊI

Ilimi wuƙa ce. Mahauci yana aiki da ita, ɗan fashi ma yana aiki da ita. Voulet da Chanoine masu ilimi ne. A garuruwanmu ma akan sami mai karatu wanda jama'a suka ba riƙon littafin ƙungiya domin shi kaɗai ya iya rubutu, sai ya rubuta buhu takwas inda aka kawo goma. Akan sami malamin da yake karɓar albashi, aji kuwa ba kowa. Akan sami ma'aikacin lafiya wanda sai an sa masa wani abu a hannu kafin ya dubi mai naƙuda. Har cikin ikilisiya akan sami wanda ba ya so a san lissafin baiko. Irin wannan ilimi ba ya gyara gari, sai dai ya ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi.

Ka dubi Nehemiya. Mai ilimi ne, ma'aikacin fadar sarkin Farisa. Da aka naɗa shi gwamnan Yahudiya, ya tarar talakawa sun jinginar da gonakinsu saboda yunwa da haraji, har waɗansu sun ba da 'ya'yansu bauta. Ya tara manya ya sa suka mayar da gonakin. Shekara 12 yana mulki, bai karɓi abincin da doka ta ba gwamna izinin karɓa daga talakawa ba. Bai sayi gona ba. Shi da barorinsa suka sa hannu cikin ginin garu. Mutum 150 suke ci a teburinsa. Ya kuma faɗi dalilinsa, wato tsoron Allah.

Nan ne gindin maganar. Makaranta tana iya cika kai, amma ba ta iya sāke zuciya. Zuciyar Yakubu da Yahaya, mai son mazaunin dama da hagu, tana cikin kowannenmu. Littafi Mai Tsarki yana kiran wannan zunubi. Maganinsa shi ne Yesu Almasihu, wanda Filibiyawa sura 2 ta nuna mana ya bar ɗaukakarsa, ya zama kamar bawa, ya mutu a kan gicciye saboda mu, Allah kuwa ya tashe shi ya ɗaukaka shi. Bitrus sai da ya yarda aka wanke shi kafin ya iya kiwon waɗansu. Kai fa, ka yarda ya wanke ka?

7. ABIN DA ZA KA YI

Kada ka rufe takardar nan ka ce darasi ya yi daɗi, shi ke nan. Ga abu biyar da za ka iya somawa a makon nan.

Ka zaɓi mutum ɗaya ka koya masa abin da ka iya, ko karatu ne, ko tassa, ko gyaran inji, ko ɗinki. Kada ka rage wani sirri don tsoron ya fi ka. In ya fi ka, ka ci nasara ke nan.

Ka ƙidaya yaran gidanka da na unguwarku waɗanda ba sa zuwa makaranta, ka bi dalilin kowanne. Ka je ka ga malaminsu, ka tambaye shi abin da ya rasa.

In akwai ɗakin sujada ko zaure da yake zaune a rufe da rani, ku buɗe ajin karatu na manya, maza da mata, Kirista da Musulmi, kowa da kowa.

In kuɗin jama'a suna hannunka, ka karanta lissafinsu a gaban taro, ka sa mutum biyu su duba littafin.

Ka nemi aikin da kowa yake gudu, kamar share rijiya, ko kai mara lafiya asibiti da dare, ka zama na fari a wurin.

TAMBAYOYI

1. Wace shawara ce dattawa suka ba Rehobowam, me kuma ya same shi da ya ƙi ta?
2. Me ya sa Yesu bai tsaya a kan wanke ƙafa kaɗai ba, sai da ya bayyana ma'anarsa?
3. Ka bayyana yadda ake yin tassa. Me ya sa ta bazu a ƙasar Illela bayan 1990?
4. Wace amsa za ka ba uban da ya ce karatun 'ya mace ba shi da amfani?
5. Me ya hana Nehemiya cin abin da gwamnonin da suka riga shi suka ci?
6. Wane ne za ka fara koya wa, yaushe kuma za ka fara?

Ayar haddacewa: Markus 10:45.

ADDU'A

Ya Ubangiji Allah, mun gode maka saboda Ɗanka Yesu, wanda ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa. Ka gafarta mana son girma da rowar sani. Ka ba sarakunanmu, da masu mulkinmu, da malamanmu, da likitocinmu zuciyar hidima. Ka sa albarka a gonakin Ƙonni, da Malbaza, da Illela, ka buɗe wa 'ya'yanmu maza da mata ƙofar ilimi. Ka sa waɗanda ka danƙa a hannunmu su ƙaru, kada su ragu. Cikin sunan Yesu Almasihu muke roƙo. Amin.